Sir Harold Gillies, 1882 zuwa 1960: Rayuwarsa da Gadon da Ya Bar wa Tiyatar Gyaran Fuska

Gabatarwa

Tun kaka da kakanni ƙasar Hausa ba ta rasa masu aikin hannu a jikin ɗan Adam ba. Wanzami yana kaciya, yana ƙaho, yana cire beli, yana sakiya. Maɗori kuwa yana haɗa ƙashin da ya karye. Abin da ya haɗa su shi ne ba a koyon sana'arsu da ji kawai. Sai yaro ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar wa ubangidansa zabira, yana kallon yadda ake kama aska, kafin a yarda ya taɓa jikin mutum. Aikin tiyata na asibiti ma, duk da tarin littattafansa da na'urorinsa, a kan wannan turba yake tafiya.

Akwai wani reshe na tiyata wanda aikinsa shi ne mayar wa mutum abin da wuta, ko harsashi, ko cuta suka ɗauke masa, kamar hanci, ko leɓe, ko muƙamuƙi. Turawa kan kira shi da kalmar filastik. Ba don ana sa roba a jiki ba ne. Asalin kalmar Girkanci ce mai nufin sarrafa abu a fitar da siffa, kamar yadda mai ginin tukwane yake yi da yumɓu. Mutumin da aka fi danganta kafuwar wannan reshe da shi a zamanin nan shi ne Sir Harold Delf Gillies. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa daga haihuwa zuwa rasuwa, ta kuma nuna cewa dabarar da ta ɗaukaka sunansa an daɗe da samun wadda ta fi ta, amma hanyar da ya bi wajen horar da almajirai ita ce ta wanzu, ita ce kuma ƙasar Hausa ke da babbar bukata da ita.

Haihuwarsa da Neman Ilminsa

An haifi Gillies a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan ran 17 ga watan Yuni, 1882, watau shekara 21 kafin Turawa su shigo Katsina. Shi ne auta cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa, Robert Gillies, mutum ne mai hali, ya kuma taɓa zama ɗan majalisar ƙasar, amma ya rasu cikin 1886, yaron bai gama cika shekara huɗu ba. Yana ƙarami ya faɗo daga kan matakalar bene ya karye a gwiwar hannu, gwiwar ta ƙage, ba ta ƙara miƙewa sosai ba har ƙarshen rayuwarsa. Wannan lahani bai hana shi zama gwani a ayyukan da ke bukatar hannu ba.

Ya yi makarantar sakandare a Wanganui, sa'an nan ya haye Ingila ya shiga Jami'ar Kambirij domin karatun likita. A can ya yi suna wajen wasanni. Yana cikin matuƙan kwalekwalen jami'arsa a tseren 1904, ya kuma ƙware a wasan golf har ya wakilci Ingila. Ya ƙarasa koyon aiki a Asibitin St Bartholomew's da ke Landan, cikin 1910 kuma ya sami shaidar ƙwarewa ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Ingila. Fannin da ya zaɓa shi ne na kunne da hanci da maƙogwaro, ya zama mataimaki ga wani babban likita mai suna Milsom Rees. Cikin 1911 ya auri Kathleen Jackson, suka haifi 'ya'ya huɗu. Da al'amura sun tafi yadda suka faro, da ya ƙare rayuwarsa yana duba maƙogwaron mawaƙa da attajiran Landan.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Yaƙin da ya ɓarke cikin 1914 shi ne ya juya masa alƙibla. Wannan yaƙi bai bar ƙasar Hausa ba, domin an kwashi sojoji daga nan an kai su Kamaru da Gabashin Afirka. Amma a fagen Faransa da Beljiyam ya ɗauki wani salo dabam. Sojoji sun haƙa dogayen ramuka suna zaune a ciki wata da watanni, jiki a ɓoye, kai ne kawai ke leƙowa. Saboda haka harsashi da ɓarɓashin ƙarfen igwa suka riƙa samun mutane a fuska. Hular kwano tana kare ƙwaƙwalwa, mutum ya rayu, amma ba haɓa, ko ba hanci, ko ba rabin kunci. Likitocin bakin daga kan jawo bakin raunin su ɗinke don tsayar da jini. In ya warke sai fuskar ta tattare, baki ya karkace, mutum ya kasa ci, ya kasa magana, ya kasa rufe ido.

Gillies ya isa Faransa cikin 1915. Aka haɗa shi da wani likitan haƙori, Charles Valadier, wanda ya buɗe sashen gyaran muƙamuƙi kusa da garin Boulogne. A wurinsa ya fara ganin yadda ake cike giɓin ƙashi da wani ƙashin. Daga nan ya tafi Faris ya kalli shahararren likita Hippolyte Morestin yana cire ƙari daga fuskar wani mutum, ya kuma rufe ramin da fatar da ya juyo daga ƙarƙashin haɓa. Wannan aiki ya shiga ransa ƙwarai. An ruwaito cewa da ya sake komawa domin ƙarin kallo, Morestin bai bar shi ya shiga ba. Shi kuwa Gillies, da ya sami nasa asibitin, ƙofarsa a buɗe ta kasance ga duk likitan da ya zo koyo.

Da ya koma Ingila sai ya shawo kan manyan likitocin soja, musamman Sir William Arbuthnot Lane, aka ba shi sashe a asibitin soja na Aldershot a farkon 1916. Da ya ga hukuma ba ta damu da yadda majinyata za su iso gare shi ba, sai ya sayi takardun alama na fam 10 da kuɗinsa, ya sa aka raba su a bakin daga domin a maƙala wa duk wanda ya sami rauni a fuska. Da aka fara gwabzawar Somme ran 1 ga Yuli, 1916, an tanadi gado kamar 200, amma cikin 'yan kwanaki majinyata wajen 2,000 suka sauka. Wuri ya yi kaɗan. Wannan ne ya sa aka gina asibiti na musamman a Sidcup, kudu maso gabas da Landan, aka buɗe shi cikin 1917 da sunan Asibitin Sarauniya.

Asibitin Sidcup

A Sidcup an yi tiyata sama da 11,000 a kan mutum sama da 5,000. Yawan ba shi kaɗai ne abin lura ba, har da tsarin da aka bi. Gillies ya gane cewa gyaran fuska ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya jawo likitan haƙori William Kelsey Fry domin ɗaure muƙamuƙi da daidaita haƙora. Ya jawo Henry Tonks, wanda likita ne kafin ya zama malamin zane, yana zana fuskokin majinyata kafin aiki da bayansa. Akwai masu ɗaukar hoto, da masu zuba siffar fuska da farar ƙasa, domin a zauna a tsara aiki kafin a taɓa wuƙa. Aka raba asibitin kashi huɗu, na Ingila, da na Kanada, da na Ostareliya, da na Niyu Zilan, kowane sashe yana kallon aikin ɗan'uwansa ana gasa. Likitocin Amurka ma sun zo sun koya.

Wata babbar matsala ita ce ta maganin sa barci. A da ana kifa wa majinyaci abin shaƙa a kan hanci da baki, alhali nan ne wurin da mai fiɗa zai yi aiki. Ivan Magill da Stanley Rowbotham, waɗanda suka zo Sidcup cikin 1919, su ne suka kyautata hanyar zura bututun roba ta hanci ko baki har cikin maƙoshi, majinyaci ya yi numfashi ta ciki, fuska kuma ta zama fili. Har yanzu da wannan hanya ake sa barci a manyan ayyukan tiyata ko'ina a duniya.

Ba a manta da halin da zukatan majinyata ke ciki ba. An hana ajiye madubi a ɗakunan jinya. A kan hanyar gari kuma an shafa wa waɗansu kujeru shuɗin fenti, alamar cewa wanda zai zauna a kai mai yiwuwa ganinsa ya tayar da hankali. An kuma koya musu sana'o'i kamar kiwon kaji da sassaƙa da gyaran agogo, domin da yawa sun shekara biyu ko uku ana yi musu aiki bayan aiki.

Bututun Fata

Domin a gane dabarar da ta fito da sunan Gillies, wajibi ne a san cewa fata ba ta rayuwa sai da jini. In aka feƙe ta siririya aka shimfiɗa a kan rauni mai tsabta, takan kama, domin tana tsotsar abinci daga ƙasa. Amma fata mai kauri, wadda za ta iya zama kunci ko hanci, in an yanke ta gaba ɗaya sai ta mutu. Dole a bar gefe ɗaya a manne da jiki domin jini ya ci gaba da shiga, kamar yaɗon dankali da ba a raba shi da uwarsa sai ya yi saiwa a sabon wuri. Wannan sani tsoho ne. Likitocin Indiya sun daɗe suna gina hanci da fatar goshi, wani likitan Italiya kuma mai suna Tagliacozzi ya bayyana yadda ake yi da fatar dantse cikin littafinsa na 1597. Matsalar ita ce cikin fatar yakan zauna a buɗe, ya bushe ko ya ruɓe, ga shi kuwa a lokacin ba a sami finisilin ba.

A watan Oktoba, 1917, Gillies ya yi aiki a kan wani sojan ruwa, William Vicarage, wanda wuta ta cinye wa fuska a gwabzawar Jutland ta 1916. Yana ɗaga fata daga ƙirjinsa sai ya lura gefunanta suna naɗewa ciki da kansu. Sai ya ɗinke su suka zama bututu, mai kama da hannun jaka. Da haka cikin fatar ya rufu, ƙwayoyin cuta suka rasa hanya, jini kuma ya ci gaba da gudana. Bayan 'yan makonni sai a yanke ƙarshe ɗaya a dasa shi gaba, in ya kama a yanke ɗayan. Ta haka ake tafiyar da fata daga ciki zuwa wuyan hannu, daga wuyan hannu zuwa fuska. Wani likitan ido a Odessa, Vladimir Filatov, ya riga shi yin irin wannan cikin 1916 ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. Wani abokin aikinsa kuma, Aymard, ya yi jayayya da shi a kan wanda ya fara, abin da ya daɗe yana ci wa Gillies rai. Amma ba a musun cewa shi ne ya yaɗa dabarar, ya koyar da ita.

Nasara ba ta zo ba tare da asara ba. Wani matuƙin jirgin sama, Henry Lumley, ya ƙone ƙwarai a fuska, ya kuma ƙosa a gyara shi. Gillies ya yi nufin jinkirtawa domin jikin ya yi ƙarfi, amma daga baya ya ɗaga babbar fata daga ƙirji ya rufe fuskar gaba ɗaya a zama guda. Fatar ba ta kama ba, majinyacin ya rasu a watan Maris, 1918. Gillies bai ɓoye wannan ba. Ya sa labarin cikin littafinsa na 1920 mai suna Plastic Surgery of the Face, ya ɗora laifin a kan gaggawarsa. Daga nan ya riƙe ƙa'idar yin aiki kaɗan-kaɗan, da jinkirta duk abin da jinkiri ba zai ɓata ba. Hausawa ma sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Sauran ƙa'idojinsa su ne a fara gano ainihin abin da ya ɓata, a mayar da abin da ya saura mazauninsa na asali, a cike giɓi da abin da ya yi kama da shi, watau ƙashi a gurbin ƙashi, fata a gurbin fata. Ya nace cewa hanci gini ne mai hawa uku: shimfiɗar ciki, da ginshiƙin guringuntsi wanda yakan ɗebo daga haƙarƙari, da rufin waje. In an manta da shimfiɗar ciki, komai kyan hanci ran da aka gama shi, zai shanye ya lotse.

Bayan Yaƙi

Da yaƙi ya ƙare likitocin Sidcup suka watse, mutane da yawa suka ɗauka fannin ya mutu tare da yaƙin. Gillies da Thomas Kilner ne suka tsaya a kansa a Ingila. Ya juya ga yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganda, da waɗanda gobara ko haɗarin mota ya lahanta, da waɗanda aka yanke wa ciwon daji. Yana kuma yi wa masu kuɗi aikin ƙawa, abin da ya sa waɗansu likitoci suka riƙa yi masa kallon raini. Shi kuwa da wannan kuɗi yake samun sararin yi wa marasa hali aiki. Cikin 1927 shi da abokansa suka bayyana hanyar ɗaga karyayyen ƙashin kunci ta wata 'yar tsaga a cikin gashin gefen kai, wadda ake bi har yau. Akwai kuma kayan aiki da ke ɗauke da sunansa, kamar wani almakashi mai riƙe allura. Cikin 1930 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir.

A wajen wannan lokaci ne wani danginsa, Archibald McIndoe, ya zo daga Asibitin Mayo na Amurka ya zama almajirinsa, daga baya Rainsford Mowlem ya biyo. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi cikin 1939, waɗannan mutum huɗu su ne kaɗai ƙwararrun wannan fanni a Ingila, uku daga cikinsu 'yan Niyu Zilan. Aka ba kowa asibiti. Gillies ya zauna a Rooksdown kusa da Basingstoke, McIndoe kuma a East Grinstead, inda ya yi suna wajen gyara matuƙan jiragen sama da suka ƙone. Kowane asibiti ya zama makaranta. Cikin 1946 aka kafa ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Birtaniya, Gillies ya zama shugabanta na farko.

Halinsa da Almajiransa

Waɗanda suka yi aiki da shi sun bayyana shi da cewa mutum ne mai barkwanci da son tsokana, mai zanen hoto, mai kamun kifi da ƙugiya. A ɗakin tiyata kuwa ba ya ɗaga ƙafa. Yakan daɗe yana juya fata yana auna ta kafin ya yanka, yakan kuma sa mataimaki ya kwance ɗinkin da bai gamshe shi ba. Yadda yake koyarwa shi ne ya sa almajiri ya faɗi yadda zai gyara fuskar da ke gabansu, da abin da zai yi in dabarar farko ta ƙi, kafin shi ya faɗi nasa.

Almajiransa sun fito daga ƙasashe da yawa. Ralph Millard na Amurka, wanda suka wallafa littafin The Principles and Art of Plastic Surgery tare cikin 1957, shi ne ya fito da hanyar ɗinke tsagaggen leɓe da ta bazu a duniya. Noshir Antia na Indiya ya koma gida ya duƙufa a kan gyaran fuska da hannuwan masu cutar kuturta. Gillies da kansa ya ziyarci Indiya cikin 1957, yana da shekara 75, ya yi aiki, ya koyar. A wannan shekara ce matarsa Kathleen ta rasu, daga baya ya auri Marjorie Clayton, wadda ta daɗe tana taimakonsa a ɗakin tiyata.

Rasuwarsa

Bai ajiye aiki ba har ƙarshe. A watan Agusta, 1960, yana cikin yi wa wata yarinya aiki a ƙafa sai ciwon shanyewar jiki ya taɓa shi. Ya rasu a Landan ran 10 ga Satumba, 1960, yana da shekara 78, 'yan watanni bayan rasuwar McIndoe, mako uku kuma kafin Nijeriya ta sami mulkin kai.

Tiyata Ƙarƙashin Madubi

A shekarar da ya rasu ne aka buɗe ƙofar da ta rufe zamanin bututun fata. A Jami'ar Vermont ta Amurka, Julius Jacobson da Ernesto Suarez suka nuna cewa in aka yi amfani da madubin likita mai ƙara girman abu, ana iya ɗinke jijiyar jini wadda kaurinta bai fi milimita ɗaya da rabi ba, jini kuma ya wuce. Cikin 1963 Chen Zhongwei ya mayar wa wani ma'aikaci hannunsa da inji ya guntule a Shanghai. Cikin 1964 Harry Buncke, wanda ya yi wani ɓangare na horonsa a East Grinstead, ya mayar da kunnen zomo da aka yanke. Cikin 1965 Komatsu da Tamai suka mayar da babban yatsa a Japan. Cikin 1968 John Cobbett ya ɗauko babban yatsan ƙafa ya mai da shi na hannu, a asibitin nan na McIndoe. Cikin 1973 Daniel da Taylor, a Melbourne, suka yanko fata daga gindin cinya tare da jijiyoyinta, suka dasa ta a ƙafa a zama ɗaya.

Ma'anar wannan ita ce tafiyar da kan ci wa Gillies watanni ta koma aikin yini guda. Ana yanko fata daga dantse ko cinya, ko siririn ƙashin ƙwauri domin gina muƙamuƙi, tare da jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi, a haɗa su da jijiyoyin wuya da zaren da ya fi gashin kai siranta. Amma ƙa'idar ba ta sake ba: jini shi ne ran fata, kuma a cike giɓi da abin da ya yi kama da shi.

Koyon wannan aiki doguwar hanya ce. A Nijeriya ɗalibi yakan yi shekara shida a makarantar likita, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, shekara ɗaya ta bautar ƙasa, sa'an nan shekara biyar ko shida ko fiye yana neman ƙwarewa ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979, ko Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda ta samo asali a Ibadan cikin 1960. Bayan duk wannan ne mai son aikin madubi yake neman ƙarin horo na musamman, galibi na shekara ɗaya, a asibitin da ake yin aikin kullum, kamar Chang Gung na Taiwan, inda Fu-Chan Wei ya horar da likitoci daga ƙasashe masu yawa. Yakan fara da jijiyar fiffiken kaza da ta cinyar ɓera, sa'an nan ya zauna gefen malaminsa, kowa da idonsa a madubi guda, yana riƙe, yana yanke zare, kafin a miƙa masa allura. Tsarin wanzami ke nan da yaronsa, tsarin Sidcup ke nan.

Abin da Ya Shafi Ƙasar Hausa

Raunin da igwa ta yi wa sojojin Gillies, akwai cutar da ke yi wa yaran ƙasar nan irinsa. Ita ce cutar noma, sunan da ba shi da dangantaka da noman gona, domin daga Girkanci ya fito da ma'anar cinyewa. Takan kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Tana farawa daga dasashi, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci, ta ci leɓe da hanci da ƙashi. In an gane ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sukan tsayar da ita. In ba a yi magani ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma sukan mutu. Waɗanda suka rayu sau da yawa muƙamuƙinsu yakan ƙage, su kasa buɗe baki, a kuma ɓoye su a ɗaki saboda kunya.

Cikin 1999 aka buɗe asibiti na musamman domin wannan cuta a Sakkwato, inda ake kawo yara daga jihohin arewa maso yamma. Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta shiga tallafa masa cikin 2014. A Damagaram ma akwai cibiyar kula da irin waɗannan yara tun farkon shekarun 1990. A watan Disamba, 2023, bisa bukatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Likitan da ke gyara fuskar yaron noma yana bin matakan Gillies ne: shimfiɗar ciki, ginshiƙi, rufin waje, aiki kaɗan-kaɗan, bayan an ciyar da yaro ya murmure. An kuma yi dashen fata mai jijiya ƙarƙashin madubi a Sakkwato a hannun likitocin Jamus masu zuwa aiki na ɗan lokaci. Sai dai irin wannan aiki yana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa na awoyi masu yawa, da ma'ajiyar jini, da ƙwararren mai sa barci, da ma'aikatan jinya da za su riƙa duba fatar awa-awa cikin kwanakin farko, domin in jijiya ta toshe a koma ɗakin tiyata nan take.

Katsina kuwa tana da nata misali a bakin ƙofa. Babbar Ruga, wadda ta fara a matsayin mazaunin masu cutar kuturta, ta zama cibiyar gyaran matan da doguwar naƙuda ta jawo wa yoyon fitsari. Likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya zo domin aikin kuturta cikin 1983, daga 1984 kuma ya juya ga wannan aiki. Ba da madubi ake yin sa ba, amma gyara ne na abin da ya ɓata. Abin da ya ɗaukaka Babbar Ruga shi ne abin da ya ɗaukaka Sidcup: tara masu ciwo iri ɗaya a wuri ɗaya, rubuta kowane aiki dalla-dalla, da horar da likitoci da ma'aikatan jinya waɗanda suka koma garuruwansu suka ci gaba. Tun da asibitin tarayya na Katsina ya zama asibitin koyarwa cikin 2022, birnin ya sami wani fili na irin wannan horo.

Kammalawa

Bututun fata ya zama tarihi a yawancin asibitoci, amma almajiran Gillies sun yaye almajirai, su ma suka yaye waɗansu, har aka kai ga masu ɗinke jijiya ƙarƙashin madubi. Baƙon likita da ke zuwa mako biyu ya tafi yana da lada, sai dai yaran da gobara, ko haɗarin hanya, ko noma ke lahantawa ba sa jiran zuwansa. Maganin wannan shi ne 'ya'yan ƙasa da suka sami horo mai zurfi, suka dawo, suka tarar da kayan aiki, suka kuma buɗe ƙofa ga na bayansu. Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe. Uwar da za a yanko ƙashin ƙwaurin ɗanta a gina masa haɓa tana da hakkin a bayyana mata abin da za a yi da Hausar da take ji, kuma ƙirƙiro kalmomin da za a yi wannan bayani da su aiki ne na sassan koyar da Hausa tare da likitoci.